Me ke sa babba ya ɗore da motsa jiki bayan ya fara?

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga 'yan'uwa, musamman waɗanda suka haura shekara 40 kuma suka samu motsa jiki ya zame musu jiki. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kano, shekarata 47, kuma aikina na zama ne tun daga ƙarfe takwas na safe har la'asar. Idan na tashi, mota ce take sauke ni a ƙofar gida, bayan magariba kuma in zauna a majalisa har a kira isha'i. Shekara biyu da suka wuce aka auna ni aka ce jinina ya hau, likita ya rubuta mini magani, ya ce in rage gishiri in kuma riƙa tattaki. A tsorace na fito daga asibiti ran nan, domin hawan jini ne ya jawo wa mahaifina shanyewar ɓarin jiki, na kuwa ga wahalar da ya sha shekara shida a kwance kafin Allah ya karɓi abinsa. Washegari na sayi kambas, na fara fita bayan sallar asuba.

Daga lokacin zuwa yau sau uku ina farawa ina bari. Karon farko na yi mako uku, sai sanyin hunturu ya shigo na ce sai ya lafa. Karo na biyu azumi ne ya katse ni, bayan Salla kuma ban koma ba. A karo na uku na biya kuɗin wata uku a wani ɗakin motsa jiki, da tunanin cewa jin zafin kuɗin zai riƙa tayar da ni, amma da na ƙirga sau tara kawai na je. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, matsalata ba rashin sani ba ce, domin na san amfanin abin, na kuma san abin da ke jirana idan na ci gaba a haka. Ga wani dattijo a layinmu da ya girme ni da kusan shekara ashirin, kullum sai na hango shi yana tattaki, ko ana ruwa ko ana iska. To, me ke tayar da babba daga kan tabarma, kuma me ke riƙe shi bayan ɗokin farko ya wuce?

Sista Mai Ritaya, Zariya, ta amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya jiƙan mahaifinka, kai kuma ya ba ka lafiya. Na yi aikin jinya shekaru masu yawa, kuma labarinka shi ne labarin mafi yawan masu hawan jini da suka bi ta hannuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kimanin kashi 31 cikin ɗari na manyan mutanen duniya, wato mutum kusan biliyan 1.8, ba sa yin motsa jikin da ya kai ƙa'ida, saboda haka ba kai kaɗai ba ne a cikin wannan hali.

Tsoro ne ya fitar da kai, shi kuwa tsoro wutar kara ce, nan da nan take kamawa, nan da nan take mutuwa. Hawan jini ya ƙara da cewa ciwo ne marar zafi, mutum yana iya yawo da shi shekaru bai ji komai ba. Da zarar an fara shan magani, awo ya sauko, sai hankali ya kwanta, dalilin da ya sa aka sayi kambas kuma ya dushe. Amfanin tattaki na nan gaba ne, ba ya ganuwa a yau, alhali daɗin bargo a cikin sanyi na yanzu-yanzu ne, ɗan Adam kuwa ya fi jin kiran abin da ke gabansa. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar Rochester ta Amurka, Edward Deci da Richard Ryan, sun daɗe suna nazarin wannan, suka ce aikin da aka yi saboda matsi daga waje ba ya daɗewa kamar wanda mutum ya mayar nasa. Sun ce abin yana zama na mutum ne idan shi ya zaɓa da kansa, idan yana jin yana iyawa kuma yana ganin ci gaba, sannan idan yana da mutanen da yake yi tare da su. Ka duba fitarka uku da wannan ma'auni: likita ne ya ce ka yi, kai kaɗai kake yi, kuma ina kyautata zaton da ƙarfi ka fara har jiki ya yi tsami.

Ƙa'idar ma ba ta kai yadda mutane ke tsorata kansu ba. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2020 ga manya shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsa jiki, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Minti 150 shi ne rabin awa sau biyar, ana kuma iya rarraba shi. Matsakaici shi ne tafiyar da za ka iya magana a cikinta amma ba za ka iya rera waƙa ba saboda numfashi. Ba a ce sai an shiga ɗakin motsa jiki ba. Binciken da ya fara tabbatar da wannan al'amari ma a kan ma'aikatan bas aka yi shi: a 1953 wani likita mai suna Jeremy Morris ya kwatanta direbobin manyan bas masu bene na birnin Landan da kwandastocinsu, ya tarar da cewa kwandastoci, masu hawa da sauka a matakala wuni guda suna karɓar kuɗi, ba sa kamuwa da ciwon zuciya kamar direbobin da ke zaune a kan kujera. Mota ɗaya suke ciki, iska ɗaya suke shaƙa, babban bambancin shi ne ɗaya yana zaune ɗaya yana motsi.

Akwai kuma batun sati uku da ka yi. Mutane suna yawan cewa kwana 21 sun isa abu ya zama ɗabi'a, amma wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan, wanda ya fito a 2009, ya nuna cewa matsakaicin lokacin kwana 66 ne, wasu ma sai da lissafinsu ya haura kwana 250. Abin da ya fi burge ni a binciken shi ne, tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Abin da ke kashe mutane shi ne tunanin cewa tun da an fasa jiya da shekaranjiya, to komai ya lalace, sai an sake sabon shiri. Ina ganin abin da ya same ka bayan azumi ke nan.

Alhaji Tsohon Hedimasta, Kaduna, ya amsa:

Sista ta yi bayanin masana, ni kuma bari in faɗi abin da ya faru da ni, ƙanena, ko ka tsinci wani abu a ciki. Shekarata 66. Har na yi ritaya ban taɓa ɗaura ɗamarar motsa jiki ba, ina ganin wannan harkar sojoji ce da 'yan ƙwallo, dattijo mai rawani kuma ba ya sassarfa a kan titi yara suna kallo. Abin da ya canza ni kujerar Makka ce. Da na biya kuɗi muka fara zuwa bita, wani malami da ya sha zuwa ya gaya mana gaskiya cewa aikin Hajji aikin ƙafa ne. Tsakanin Safa da Marwa kimanin mita 450 ne, sau bakwai kuma ya haura kilomita uku, ga ɗawafi wanda idan cunkoso ya kora ka saman bene zagaye ɗaya sai ya ninka na kusa da Ka'aba, ga tafiyar jifa daga tantunan Mina zuwa da dawowa a cikin rana. Na koma gida na dubi kaina, mutumin da ke haki idan ya hau bene hawa ɗaya, na ce ba zan tara kuɗin shekaru in je a riƙa tura ni a keken guragu alhali ƙafafuna lafiya lau suke ba.

Wata biyar na yi ina shiri. Na fara da canza masallaci, na daina sallar asuba a na ƙofar gida na koma wani da ke da tafiyar minti goma sha biyar, na kuma ƙarfafa zuciyata da cewa kowane taku zuwa masallaci yana da lada. Daga baya na riƙa zarcewa bayan an idar, har na kai ina zagaya Dandalin Murtala. Alhamdu lillahi, na yi aikina da ƙafata, har na riƙa taimakon waɗanda ba su kai ni shekaru ba.

Amma ga inda nake so ka lura. Da na dawo daga Makka, buri ya cika, sai na zauna, wata biyu ban fita ba, na mayar da kaina gidan jiya. Ashe buri mai ranar ƙarewa yana ƙarewa ne tare da ranarsa. Abin da ya dawo da ni wasu abokai uku ne da muka saba haɗuwa a hanya lokacin shirin, waɗanda suka zo har gida suka yi sallama suka ce ko lafiya, sun daina ganina. Kunya ta kama ni, washegari na fito. Yau shekara huɗu ke nan muna tare, mun kai mu bakwai, a cikinmu akwai tsohon ɗan sanda da tela da mai sayar da hatsi. Wanda bai fito ba sai an buga masa waya, idan kuma ya yi kwana biyu sai an je gidansa, wannan zuwan kuwa ya fi tarar kuɗi ciwo. A kan hanya muke jin wanda aka yi wa haihuwa da wanda ba shi da lafiya, a nan muke gardamar siyasa da farashin masara. In gaya maka gaskiya, yawancin ranaku ba lafiyar zuciyata nake tunawa ba idan na farka, tunawa nake ana jirana a bakin masallaci.

Kai da ka ce kana da majalisa, ai kana da rabin maganin a hannu. Majalisar nan da ke zaunar da kai ita ce za ta iya tayar da kai, idan ka samu mutum biyu a cikinta kuka mayar da hirar bayan magariba ta zama ta tafiya. Shi kuma dattijon layinku, me ya hana ka yi masa sallama gobe ka bi bayansa?

Malamar Makaranta, Katsina, ta amsa:

Ina yi wa Baba Alhaji fatan alheri, amma ina so a tuna cewa shawarar nan ta maza ce. Tambayar ta ce babba, mu ma kuwa manya ne, kuma abin da ke hana mu ya bambanta. Mace mai shekara 45 ba za ta ɗaura kambas ta zagaya unguwa da asuba ba tare da an yi da ita ba, ko a ce tana neman komawa yarinya, ko a ce mijinta ya sake mata da yawa. Lokacin da maza ke fita bayan asuba shi ne lokacin da muke kan ɗora ruwa da shirya yara makaranta. Alƙaluman da Sista ta kawo ma, idan aka raba su, mata ne a gaba wajen rashin motsi, kashi 34 cikin ɗari, maza kuma 29.

Sau da yawa ana ce mana aikin gida ya ishe mu, ni kuma ina ganin wannan magana ta iyayenmu ce. Mahaifiyata takan yi surfe da daka a turmi, ta ja ruwa da guga a rijiya, ta yi wanki a tsugune, ta taka zuwa unguwa da ƙafa, har ta tsufa ba ta san teɓa ba. Ni kuwa injin niƙa ne ke yi mini gari, ɗan garuwa ke kawo ruwa, adaidaita sahu ke ɗaukata daga bakin layi zuwa ƙofar makaranta. Ina wuni a gajiye, wannan gaskiya ne, amma gajiyar tsayuwa da hayaniyar yara ce, ba irin wadda ke sa zuciya ta buga a yi gumi ba. Abincin kuwa bai ragu ba, sai ma lemon kwalba da ya ƙaru.

Ni abin da ya tayar da ni jikata ce. Wata rana na zauna a ƙasa ina yi mata wasa, da na zo tashi sai da na dafa bango, gwiwoyina suna ƙara, yarinyar tana dariya. A makon ne kuma aka ce sukarin jinina ya kusa kai iyaka. Na yi magana da malamai mata uku, muka nemi izinin shugabar makarantarmu, muka fara zagaya filin makaranta bayan an tashi ɗalibai, da hijabanmu, a cikin katanga inda babu mai kallo. Sau huɗu a mako muke yi, minti arba'in, kuma mun haɗa shi da adashe, ranar zubi ba mai son a ce ba ta zo ba. Da maigidana ya fara gunaguni, sai na tuna masa cewa ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ta tsere masa a karon farko, shi kuma ya tsere mata daga baya. Bai sake magana ba, yanzu ma shi ke tambayata ko yau ba za mu fita ba. Saboda haka na yarda da Baba Alhaji a kan batun abokan tafiya, sai dai ga mace, kafin abokai akwai buƙatar wuri mai sutura da kuma goyon bayan mutanen gida. Malam mai tambaya, ka waiwayi uwargidanka ma, wataƙila ita ce abokiyar tafiyar da kake nema.

Tsohon Mai Tsaron Gida, Jos, ya amsa:

Duk wanda ya yi magana a nan ya ɗauki motsa jiki kamar magani mai ɗaci da ake neman dabarar haɗiyewa, ni kuma a nan na saɓa da ku. Shekarata 52, kuma ban taɓa yin tattaki don lafiya ba, domin tafiya ba gaira ba dalili gundurata take yi. Ƙwallo nake bugawa duk safiyar Asabar da Lahadi tare da tsofaffin abokan wasa, a rabin fili, ba tare da ture ko shiga da ƙarfi ba, kuma tun ranar Laraba nake ɗokin zuwan Asabar. Abin da mutum yake jin daɗinsa ba ya buƙatar a buga masa waya. Yaya mai tambaya, ka tuna abin da ka fi so kana yaro, ko keke ne, ko ƙwallo, ko iyo, ko ma noma, domin na san ma'aikatan da 'yar gonar bayan gari ce ta raba su da tumbi a damina ɗaya. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na ga mutane da yawa sun ajiye mota sun koma ƙafa da keke, amma duk wanda ya samu sarari ya koma motarsa, saboda tilas ce ta sa shi. Kada kuma ka bari lissafin taku dubu goma na wayar hannu ya karya maka gwiwa, asalinsa sunan wata na'urar ƙirga taku ce da wani kamfanin Japan ya fitar a 1965, kuma ana samun amfani tun kafin a kai wannan adadi.

Ɗan Gwammaja ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Alhaji, na bi shawararka, jiya na yi wa dattijon sallama, ashe shi ma su uku ne, a kan hanyar Dutsen Dala suke haɗuwa, kuma ya ce in zo da kambas ɗina kada in zo da uzuri. Malama, maganarki ta taɓa ni, domin ban taɓa tambayar maiɗakina ko tana so ba, alhali ita ma tana kukan gwiwa. Shi kuma mai tsaron gida, keke ne abin da na fi so ina yaro, har Bichi mun taɓa zuwa da shi, sai dai titunan Kano na yanzu suna ba ni tsoro. Saura tambaya ɗaya ga Sista: idan na ɗore kuma awo ya sauko, zan iya ajiye maganin? Sannan yaya zan yi da zafin bazara da ke tafe, da kuma azumi, tun da shi ne ya taɓa kayar da ni?

Sista Mai Ritaya, Zariya, ta sake amsawa:

Malam, kada ka ajiye magani da kanka ko da awo ya yi kyau wata da watanni, domin sau da yawa maganin ne ya sa ya yi kyau. Motsa jiki na yau da kullum yana iya rage lambar sama ta awon mai hawan jini da kimanin 5 zuwa 8, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, amma likitan da ya rubuta maganin shi ne zai duba ya rage ko ya bari. Ka samu ɗan littafi kana rubuta awonka da kwanan wata, ka riƙa kai masa, kai ma ganin lambar tana sauka zai ƙara maka ƙarfin gwiwa. Idan kana tafiya ka ji ciwo ko nauyi a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da kima, ka tsaya ka nemi asibiti a ranar.

A watannin Maris zuwa Mayu ka tsaya a kan fitar asuba, ka sha ruwa kafin ka fita, ka bar tafiyar rana. A cikin azumi ka rage tsawon tafiyar amma kada ka yanke ta, ko minti goma sha biyar ne bayan buɗa baki ko bayan tarawihi, don kada igiyar ta tsinke kamar wancan karon.

Malama kuma, tun da sukarinki yana bakin iyaka, ki riƙe zagayen nan da kyau. A wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutum sama da 3,000 masu irin matsayinki, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, waɗanda aka ɗora a kan motsa jiki na minti 150 a mako tare da rage ƙiba kaɗan sun samu raguwar kamuwa da ciwon suga da kashi 58 cikin ɗari, waɗanda aka ba ƙwayar maganin suga mai suna metformin kuma kashi 31. Ki ƙara da 'yar tafiya ta minti goma a tsakar gida bayan tuwon dare, domin tsoka mai aiki tana janye sukari daga cikin jini, sannan ki koma a sake auna ki bayan wata uku.